Tabarmar Talata

Madina ta shigo zauren gidansu da jakar aiki a hannu, farar rigarta ta sha taɓo har gwiwa, ta tarar da mahaifinta a tsugunne yana naɗe tabarma.

Ba ya sauri. Haka Malam Kalilu yake naɗe ta duk Talata idan magariba ta gabato: ya kama baki ɗaya, ya mirgina, ya daidaita gefen da tafin hannu.

"Sannu da gida, Baba."

"Sannu, Auta. An sauka lafiya?"

"Lafiya lau. Namiji ne. A Dutsi."

"Allah ya raya."

Ya jingina tabarmar a kusurwa, ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Yau ma bai zo ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Tun farkon damina nake shimfiɗa tabarmar nan, kaji ne kawai ke hawa. Manyansa suka zo, na ce su zaɓi rana, suka ce Talata. Ban ɗora masa ba. Wanda ya kasa riƙe yini ɗaya a mako, ban ga yadda zai riƙe min ke ba."

"Baba..."

"Na'am."

Maganar tana bakinta, a shirye. Amma tunda take ba ta taɓa yin zancen saurayi a gaban mahaifinta ba. Ko sunan Zailani ba ta taɓa furtawa inda zai ji ba. Ta haɗiye.

"Ba komai."

"To ki saurara. Talata mai zuwa zan shimfiɗa ta. Idan na naɗe ta ba wanda ya zauna, shi ke nan. Zan aika wa manyansa su nema masa wata."

Ya ɗauki buta ya fita.

Ba kowane uba ke shimfiɗa wa mai neman 'yarsa tabarma ba, mutanen unguwa ma sun yi ta magana a kai. Shi ya ce tunda uwarta ta rasu, shi ne uwa shi ne uba. Sai ya shimfiɗa bayan la'asar, ya tsallaka ƙofar masallaci ya zauna, daga can yana hangen duk mai shiga zauren.

Abin da bai sani ba shi ne Talatar ta daɗe da yin rassa.

Madina ungozoma ce. Ta yi karatunta a Kaduna, ta dawo Daura ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti mai mota ɗaya, wadda ke zagaya ƙauyuka. Zailani kuwa malamin dabbobi ne a Kongolam, bakin iyaka, inda duk garken da zai shigo daga Nijar sai ya duba shi ya yi masa allura. Haihuwa ba ta san Talata ba, shanu ma haka. Saboda haka suka zauna su biyu suka tsara: Talata bayan la'asar. Idan ya biyo ta asibiti bai ga motar a ƙarƙashin darbejiya ba, ta fita ƙauye ke nan, sai Laraba. Idan shanu suka riƙe shi, ita ma ta jira Laraba. Idan Laraba ta ƙi, Alhamis. Idan ruwa ya sauka, a bar wa mako mai zuwa.

Ranar da suka tsara, dariya suka yi ta yi.

Ba wanda ya tuna cewa Malam Kalilu kan tafi Zango duk Laraba da safe, ya ba da karatu ga wasu dattawan ɗalibansa, ba ya dawowa sai Alhamis bayan magariba.

A tsakar gida Goggo Adama, ƙanwar mahaifinta da ta rene ta, tana tuƙa tuwo. Ba ta ɗago ba.

"Kin ji dai da kunnenki."

"Goggo, ke kin san yana zuwa. Ke kike dama masa fura."

"Ni Laraba na sani, da Alhamis. Ubanki Talata ya ce. Ba a tambaye ni Laraba ba."

"Kalma ɗaya ce za ki faɗa masa."

"Ni ban ga abin da kika gani a mutumin da ke shigo mana da warin saniya ba. Ga Maliki nan. Akawun asibiti, aiki a inuwa, ya karɓi ƙarin albashin Udoji ya sayi babur ja wur. Yau ma ya tsaya ya gaida ubanki, har ya leƙa zauren ya ce, ashe baƙon bai iso ba?"

"Duk Talata yana tsayawa, ko?"

"Mai ladabi ne."

Madina ta cire takalmi. Ƙafafunta sun kumbura. Ta zauna a bakin rijiya ta daɗe tana kallonsu, ba ta ja guga ba.

Washegari Malam ya hau motar Zango. Bayan la'asar Madina ta shimfiɗa tabarmar da kanta. Ta ji tsohon babur ɗin Zailani tun daga kwana, yana tari kamar mai shi.

Ya yi sallama, ya zauna a gefe ɗaya, ita a ɗaya gefen. Idanunsa sun yi ja.

"Ungozoma."

"Malamin shanu."

"Jiya na biyo, ba mota. Na juya."

"Na sani."

"Kin rame, Madinata."

"Kai ma ba ƙiba ka yi ba."

Ta tura masa kwanon fura. Sai da ya kai baki sannan ta faɗa masa abin da mahaifinta ya ce, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Ya ajiye kwanon.

"Talata mai zuwa?"

"Ita."

"Akwai garke babba da zai tsallako ran nan. An ce akwai ciwon huhu a inda suka fito. Ni kaɗai ne a wurin. Idan suka wuce ba allura suka shiga kasuwar Mai'aduwa, ba garke ɗaya zai faɗi ba."

"To ka je ka faɗa wa Baba yadda muka tsara."

"Ni?" Ya yi 'yar dariya mara daɗi. "In tsaya gaban Malam in ce masa ni da 'yarsa mun zauna mun yi wa ranarsa gyara? Idan na hango shi a hanya takalmi nake cirewa. Har yau ban san kamannin fuskarsa sosai ba, ƙafafunsa na sani."

"Baffanka fa?"

"Yana Ikko da shanu. Sai dab da Sallah."

Wata kaza ta leƙo, ta ga akwai mutane, ta koma.

"Ke ki faɗa masa mana."

"Ka san ba zan iya ba."

"To ko na bar shanun na zo, ke kina nan?"

Su biyun sun san amsar. Tun da Maliki ya karɓi rabon aiki a asibiti, fitar Dutsi ta koma Talata, kuma kullum ita ake turawa.

"Na gaji, Zailani."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ina tsaye kan mace tana naƙuda, ni kuma ina tunanin yau wace rana ce, ka ga mota ko ba ka gani ba, hadarin can ruwa ne ko iska. Idan kaza, idan kaza... Na gaji da idan. Sauran 'yan mata saurayi suke jira. Ni sharaɗi nake jira."

"Tare muka tsara."

"Tare muka yi wauta."

Ya duba ƙasa.

"To yanzu me kike so?"

"Idan Talata ta wuce, kada ka wahalar da kanka. Kada ka sake zuwa."

"Haka kika ce?"

"Haka Baba ya ce."

"Ke nake tambaya."

Ta kalli bango. Ya jira, ya jira, sannan ya tashi. Babur ɗin ya ƙi tashi, sai da ya tura shi har kwana. Furar tana nan rabi.

Da safe ta sami Maliki a ofis, fanka na kaɗa masa, agogo sabo a hannu.

"Malam Maliki, a mayar min da Dutsi ranar Litinin."

"Haba, Malama Madina. Matan Dutsi sun saba da Talata."

"Kai ka saba musu. Da can Litinin ce."

"Aikin gwamnati ke nan, yana canzawa." Ya gyara zaman agogon. "Ni kam da za a ba ni rana, kowacce ce ina nan. Asabar, Lahadi. Ko tabarma ba sai an shimfiɗa min ba."

"Shi ya sa ba a ba ka ba."

Murmushin bai bar fuskarsa ba.

"Talata, ƙarfe bakwai. Kada direba ya jira."

Da za ta iya cewa ba ta da lafiya. Ta yi tunanin haka a hanya. Amma akwai wata mata a Dutsi, Hasana, cikinta ya tsufa, ɗan kuma a gicciye yake. Ita da bakinta ta ce wa matar ta jira ta ranar Talata.

Kwanakin suka wuce yadda suka saba. Ta karɓi haihuwa, ta wanke hannu, ta karɓi wata. Goggo ta yi ta waƙa a kan murhu.

Ranar Talata da asuba ta shirya, ta ɗauki jaka. Mahaifinta na zaure kan buzu, littafi a cinya. Ta gaishe shi, ta kai bakin ƙofa, ƙafarta ta ƙi fita.

Ta dawo. Ta durƙusa a bayansa, ta fuskanci bango.

"Baba, ina da magana."

"Ina ji."

"Yana zuwa."

"Wa?"

Kunya ta rufe ta har ta ji kunnuwanta na zafi.

"Mai... mai tabarmar."

Ya rufe littafin da yatsa a ciki.

Ta faɗa. Ba ta tsaya ba, don ta san idan ta tsaya ba za ta ci gaba ba. Motar asibiti da darbejiya, shanun Kongolam, Laraba, Alhamis, ruwa. Idonta a kan wata tsaga a bango.

"Maimaita," in ji shi, kamar yadda yake ce wa ɗalibansa.

Ta maimaita.

"Idan Laraba ta ƙi?"

"Alhamis."

"Idan Alhamis ta ƙi?"

"Ba ta taɓa ƙi ba."

"Hmm. Babin rabon gado ma bai kai wannan rassa ba. Wa ya taɓa ganinsa a gidan nan?"

"Goggo."

"Yau fa?"

"Ba zai zo ba. Ni ma ba na nan."

Ya buɗe littafinsa.

"Mota na jiranki."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Tana fita ta ji muryarsa a bayanta, ba da ƙarfi ba: "Adama."

Hasana ta sha wuya. Sai bayan azahar aka samu ɗan ya juyo, sai bayan la'asar ya fito, shuɗi, shiru, sannan ya yi kuka. A hanyar dawowa motar ta kafe a taɓo. Madina ta iso gida an idar da magariba.

Tabarmar na kusurwa, a naɗe.

Ta tsaya ta kalle ta. Ta yi zaton za ta yi kuka, amma ko ƙarfin wannan ba ta da shi. Goggo ta dire mata kwanon tuwo. Ta kwanta da rigar aiki.

Laraba ta tashi aiki da azahar, ta shigo zaure, ta yi turus. Jakar littattafan mahaifinta na rataye a ƙusa. Shi kuma ga shi a zaune.

"Baba, ba ka tafi Zango ba?"

"Na aika wa dattawan su jira ni gobe. Tunda aka haife ki ban taɓa ɗaga musu rana ba. Za su ce tsufa ne."

Da aka yi la'asar ya dawo daga masallaci, ya ɗauko tabarmar, ya warware ta, ya shimfiɗa.

"Jiya kina Dutsi, shi yana kan shanu. Bisa tsarinku, yau ce."

"Baba, ai na ce masa kada ya sake zuwa."

"Ke kika ce. Ina so in ga wacce zai bi, wadda kika faɗa da gajiya ko wadda kuka ƙulla da hankalinku. Maganata ta Talata na ɗaga ta zuwa yau. Ba zan sake ɗagawa ba."

Bai tsallaka masallaci ba. Ya zauna kan buzunsa a cikin zauren.

"Akawun nan naku jiya ma ya tsaya," ya ce yana jan carbi. "Na daɗe ina mamakin yadda duk asibitin nan shi kaɗai ke da Talata. Na ce masa ya huta, gaisuwar ta isa."

Madina ta koma bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, ta zauna a ƙasa. Daga nan tana ganin gefen tabarmar da ɗan yankin titi.

Gabas ta yi baƙi.

Da farko iska ce. Sai ɗigo, manya-manya, suna faɗowa ɗaya-ɗaya a kan ƙasa. Sai ruwan ya ɓalle gaba ɗaya.

"Baba... idan ruwa ya sauka..."

"Na sani. A bar wa mako mai zuwa. Wannan sharaɗin naku ne, ni ban sa hannu ba."

Ta jingina kai da bango. Ita ta ce kada ya zo. Ruwa ma ya ce kada ya zo. Ko ya zauna a Kongolam bai saɓa komai ba, kuma shi ke nan ta rasa shi. Ta rufe ido ta saurari indararo. Goggo ta zo ta tsaya a kanta da tsumma a ka, sannan ta koma ɗaki.

Haske ya fara raguwa. Ta ji ladan yana gyaran murya a ƙetaren titi. Ta ji mahaifinta ya ajiye carbi, ta ji ƙarar gwiwarsa da ya tsugunna. Ya kama bakin tabarmar.

Ba ta ji babur ba. Sallama ta ji.

Zailani na tsaye a bakin zaure, ruwa na zuba daga hularsa, yana riƙe da babur ɗin da ya mutu, taɓo har cinya. Ya ɗaga ido ya ga wanda ke ciki. Ya saki babur ɗin ya faɗi, ya zare takalmi, ya durƙusa a cikin ruwan.

"Allah gafarta Malam... ban san... na ɗauka ana Zango."

"Da ana Zango. Shigo."

"Jikina duk taɓo ne, Malam."

"Shigo ka zauna. Tabarmar nan ta daɗe ba ta ga mutum ba."

Ya shigo a sunkuye, ya zauna a can bakin-baki. Ruwa ya fara bin saƙar.

"Shanun fa?"

"An yi musu allura, Malam. Biyu na tsare."

"Madalla. An ce maka kada ka zo."

"An ce."

"Ga ruwa kuma."

"Ga shi."

"To me ya kawo ka?"

Zailani ya kalli yatsun ƙafarsa.

"Allah gafarta Malam, ba ni da wani wurin zuwa ranar Laraba."

A bayan ƙofa Madina ta toshe baki da mayafi.

Malam Kalilu ya juya fuskarsa wajen ruwan, kamar da shi yake magana.

"Idan baffanka ya dawo daga Ikko, ka ce masa Juma'ar farko bayan ƙaramar Sallah. Ba Laraba, ba Alhamis, ba idan."

Zailani ya ƙara sunkuyawa. Ladan ya fara kira.

Madina ba ta san lokacin da maganar ta fito ba.

"Baba... idan haihuwa ta kama fa?"

"Ko garke ya tsallako," in ji Zailani a hankali, kansa a ƙasa.

Malam ya ɗauki buta.

"Ɗaurin aure ba ya bukatar ko ɗayanku a wurin. Shi ya sa ban ji tsoron sa rana ba. Ke ki je haihuwarki, shi ya je shanunsa. Ni da baffansa muna nan."

Ya ja rawani ya rufe kai, ya tsallaka titi.

Madina ta fito da tsumma, ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

"Ka jiƙa mana tabarma, malamin shanu."

"Zan sayo wata."

"Yaushe?"

"Talata."

"Idan..."

"Ungozoma, don Allah."

Haka kuwa aka yi. Juma'ar farko bayan Sallah, ana raba goro a ƙofar gidan Malam Kalilu, ango yana Kongolam cikin shanu, amarya tana Dutsi da hannun riga a naɗe, tana karɓar haihuwa. Mace aka samu. Da motar asibiti ta sauke Madina da yamma, Goggo Adama ce ta fara ganinta. Ta harare ta, ta ja tsaki, sannan ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.